Inci Talatin da Huɗu

Karo na uku ke nan a mako guda da Baba ya ƙi zuwa asibiti, kuma yau ko wahalar neman uzuri bai yi ba. Ranar Litinin kai ne ke ciwo. Ranar Laraba ciki ne ya murɗa. Yau Juma'a kuwa an yi masa wanka, an sa masa riga mai guga, hula ta zauna daram, an turo shi a kekensa na marasa lafiya har bakin ƙofar falo, sai ya ɗaga ido ya dubi motar da ke tsaye a tsakar gida, ya ce, "Ku mayar da ni ciki."

"Baba, ƙarfe takwas fa aka ce."

"Na ce ku mayar da ni ciki. Ko kunnen naki ne ya shanye shi ma?"

Babbar 'yarsa ce tsaye a kansa da makulli a hannu, wadda kowa ke kira Tela, har mijinta in ya so tsokana. Shago gare ta mai kekunan ɗinki tara a bayan kasuwa, tana ɗinka kayan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti, kuma mace ce da ba a yi mata gardama sau biyu a kan aiki. Amma wannan ubanta ne. Ta haɗiye abin da ya taso mata, ta juya keken da kanta ta mayar da shi ɗaki. Da ta fito sai ta tsaya ta zuba wa motar ido, ta ja wani dogon tsaki da ya sa maigadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Giwa yaran gidan suka sa wa motar, kuma sunan ya zauna mata. Ƙatuwar jif ce baƙa, mai kujeru layi uku, wadda in ta shigo lungu sai masu ƙananan motoci su raɓe jikin katanga. Shekara shida da suka wuce Tela ta saye ta da guminta, don ɗaukar bandir-bandir na yadi da ɗaurin kayan makaranta, kuma ta yi aikinta, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Sai dai wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, Tela ta ɗauko shi ya dawo gidanta, tun daga ranar kuma motar ta zame musu masifa.

Mai gashin ƙashi na asibiti ya gaya musu gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Sau uku a mako, ba fashi. Ƙafar ta fara amsawa, Baba yana iya miƙewa da sanda ya yi 'yan taku. Amma in aka bar ta ta kwanta mako uku ko huɗu, gwiwa za ta sandare, jijiya ta ƙage, daga nan sai dai keke har ƙarshen rayuwa. Ga shi mako ɗaya ya riga ya tafi a banza.

Tela ba ta buƙatar kowa ya gaya mata dalili. Kai ma da ka ga yadda ake sa Baba a Giwa da ka gane. Sai an kife kiret ɗin lemo a ƙasa. Maigadi ya riƙe ƙofa. Auta, ƙaninta, ƙaton gardi ɗan shekara talatin da biyar, ya shiga ta ɓangaren direba ya durƙusa a kan kujera, ya cusa hannuwa a hamatar Baba yana ja. Mijinta ya sa kafaɗa ta baya yana turawa. Ita kuma ta rungumi matacciyar ƙafar tana ɗagawa. Ana ta "ɗaya, biyu, uku" sai ka ce buhun siminti ake lodawa. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙin tirela, yana haye matakala uku da hannu ɗaya, kofin shayi a ɗayan! Kuma Juma'ar da ta wuce, a ƙofar asibiti, ido na ganin ido, ana cikin jan nan zariyar wandonsa ta kwance. Ba wanda ya yi dariya. Wata mata ce kawai ta ce, "Allah sarki, tsoho," ta kau da kai. Tela ta ga fuskarsa a lokacin, kuma wallahi da dariyar aka yi da ya fi sauƙi.

Tef ɗin awo kullum yana rataye a wuyanta, ko a kicin take. Ta zare shi, ta buɗe ƙofar gaba, ta take bakinsa da yatsan ƙafa a ƙasa, ta ja shi zuwa saman kujera. Inci talatin da huɗu. Awon Baba kuwa ba sai ta duba littafi ba, shekara ashirin ita ke ɗinka masa wando: daga ƙasa zuwa inda mutum ke zama da shi, inci ashirin da tara. Ke nan kujerar ta ɗara shi da inci biyar cur. Inci biyar ɗin nan su ke sa a tara mutum huɗu a kan ubanta kowace safiya.

Da yamma bayan an ci abinci ta faɗa musu. Mijinta na kishingiɗe da rimot a hannu, Auta kuma ya zo aron motar kamar yadda ya saba duk ƙarshen mako.

"Zan sauya Giwa. Ƙaramar jif zan karɓa, mai ƙasa-ƙasa."

Mijinta ya kashe sautin talabijin. Ma'aikacin ofis ne, yana da tasa tsohuwar ƙaramar mota, amma duk ranar da ke da taro ko baƙi, makullin Giwa yake ɗauka ba ko sallama.

"Ki sauya me?"

"Ka ji ni sarai."

"Haba, Maman yara. Mutane fa na kallo. Ranar da aka gan ki a ƙaramar mota, kafin rana ta faɗi labari ya zaga cewa shago ya karye. Ni kaina in na je ofis da ita, tun daga nesa maigadi ke wage get yana sara mini."

"To ka ce masa ya zo ya sara wa ƙafar Baba, ko za ta miƙe."

Auta ya yi gyaran murya. "Yaya, ki bi a hankali. Mota irin wannan ai ba ta mutum ɗaya ba ce, ta dangi ce. In tafiya ta taso mu goma sha ɗaya muke shiga. In kin rabu da ita wa zai kwashe mu?"

"Ta dangi? Yaushe dangi suka taɓa zuba mata mai? Kai nan in ka dawo da ita allura a kwance take kamar ta suma. Ga ɓawon gyaɗa, ga ledoji, ga ƙamshin wani turare da ba na matarka ba."

"Yaya!"

"Rufe mini baki."

Mijinta ya gyara zama, ya ɗauko muryar nan tasa ta taron ofis. "To ga shawara. A kira kafinta ya yi masa 'yar matakala ta katako, hawa biyu, da wurin dafawa. Kowa ya huta."

"Mutumin da ke jan ƙafa a kan shimfiɗaɗɗen siminti, shi za ka gina wa bene? Kuma mu riƙa yawo da tsani a but sai ka ce masu gyaran wuta?"

"To a riƙa kai shi a tawa."

"Na auna taka, inci ashirin. Ka manta ranar da muka gwada? Ya faɗa ciki kamar rijiya, sai da muka yi rabin awa kafin mu zaro shi."

"Ke komai sai ki ce kin auna."

"Ai gara ni ina aunawa. Ku me kuke yi ban da turawa?"

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, su biyun nan ba mugaye ba ne. Suna son Baba. Auta ya yi kuka wiwi ranar da abin ya faru, mijinta kuwa shi ke yi wa tsohon aski da hannunsa. Amma da an taɓa motar nan sai kowa ya manta da wanda ke kwance a ɗakin can yana kallon silin. Ta tattara kwanuka da ƙarfin da sai da cokali ya yi tsalle ya faɗi, ta bar musu falon.

Kar kuma ka ɗauka ita abin bai yi mata ciwo ba. Washegari a shago tana yanka hannayen riga dozin-dozin, almakashi na tafiya, hankalinta na wani wuri. Giwa tana kwashe kayan makaranta guda a sawu ɗaya, ƙaramar kuwa sai ta yi sawu biyu, wata rana uku. Hanyar shago in aka yi ruwa tafki take zama, Giwa ta ratsa ko a jikinta, ƙananan motoci na jere a gefe bonet a buɗe. Sannan akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba: tana son motar. Ranar da ta fara shigowa da ita layin masu yadi, mutanen da suka shekara goma suna ce mata "ke yarinya" duk miƙewa suka yi tsaye. Ashe ita ma tana da nata masu sarawar, ba ta fi mijinta da komai ba, kuma gane hakan sai ya ƙara mata haushi.

Ga shan mai sai ka ce an huda tanki. Ga fakin a asibiti, sai ta zagaya sau uku kafin ta sami inda za ta cusa ta, har ta goge ginshiƙi sau biyu. Amma duk wannan ba shi ba ne, da don su ne da ta ci gaba da haƙuri har motar ta tsufa. Ta duba abin da ke gabanta, ta ga ta yanka hannu biyu duk na dama. Ta yi wurgi da su, ta gaya wa ma'aikatanta za ta fita, ta saɓa jaka.

Wuraren sayar da motoci huɗu ta shiga a ranar. Ko'ina dillalai na ganin Giwa ta kunno kai sai su taso a guje, ana "ranki ya daɗe" ana buɗe mata ƙofa, kowa na jan ta wurin wadda ta fi tata girma. Wannan kujerun fata ne, wannan allonta kamar talabijin, wannan rufinta buɗewa yake. Ita ko kallonsu ba ta yi. Ta nufi ƙananan, ta buɗe ƙofar gaba, ta take tef, ta ja, ta duba, ta rufe. Talatin da ɗaya. Talatin. Ashirin da biyu. Wani mai bakin tsiya ya tambaye ta ko riga za ta ɗinka wa motar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in ya matso za ta auna masa bakinsa ta rage, don ya yi masa yawa.

A wuri na huɗu dillalin dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan surutu. Ya tsaya yana kallo har ta auna mota uku, sannan ya ce, "Wa ke ciwo a gida?"

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dubi fuskar dillali a ranar. "Mahaifina."

Bai ƙara tambaya ba. Ya kai ta can ƙarshen layi wurin wata ƙaramar jif ruwan toka, ba kyau ba muni. Ta auna. Ashirin da bakwai. Ta sake aunawa don kar a ce idonta ne. Ashirin da bakwai dai. Mutum ya juya baya, ya sauka inci biyu, ya zauna kamar a bakin gado, shi ke nan. Ƙofar tana buɗewa sosai. Ta auna but, ta ga keken zai kwanta in an naɗe shi, har da rarar inci uku. Dillalin ya zagaya Giwa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce musaya za ta yiwu, kuma gobe ma suna nan.

"Amma ki zo da shi ya gwada tukuna," ya ce. "Tef ɗin naki ba shi zai zauna a kujerar ba."

Zuwa da shi ɗin shi ne aikin, don sai an sake ɗaga shi. Da safe ta same shi yana shan shayi da hannun dama, ta durƙusa a gefen gado. "Uwata" yake ce mata tun tana ƙarama, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Baba, mota zan sauya, kuma ni ban san inji ba. Dillalan nan in suka ga mace sai su sayar mata da gawa. Kunnenka nake so."

Ya ajiye kofin. Wata biyar ke nan ba wanda ya nemi komai a wurinsa sai dai ya buɗe baki ya sha magani.

"Silinda nawa gare ta?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba! Uwata, za ki sayi mota ba ki san silinda ba? Kai, jama'a. Miƙo mini hulata."

Rabin gaskiya ta faɗa masa, kuma ta sani. Mijinta ya ce shi ba ruwansa, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Auta da maigadi suka yi ɗagawar su biyu, da ƙyar da nishi. Baba ya runtse ido ya cije leɓe har aka gama.

Suna isa wurin motocin, aka sauke shi a keke, sai ga wani Baba daban. A buɗe bonet. A tayar. Taka. Saki. Sake takawa. Ya karkata kai yana saurare, ido a lumshe. Ya sa aka zaro sandar awon baƙin mai, ya murza tsakanin yatsu, ya sansana. Ya sa Auta ya tsuguna ya karanto masa shekarar da ke jikin taya.

"Ranka ya daɗe, ashe da malami aka zo mana," in ji dillalin.

"Injin ba laifi," in ji Baba. "Bel ɗin fanka ne ke ɗan kuka, a canja shi. Saura a ji ta a hanya."

Tela ta buɗe ƙofar gaba, ta ja da baya, ta haɗa hannuwa a bayanta. Auta ya yunƙuro, ta watsa masa hararar da ta dasa shi a inda yake. Baba ya dubi ƙasa, inda ya saba ganin kiret. Ba kiret. Ya dubi kujerar. Ya dafa sanda ya miƙe, ya ja ƙafa sau biyu, ya juya baya, ya zauna. Ya sa hannun dama a ƙarƙashin gwiwar hagu ya ɗauko ta kamar jariri ya shigar, ya bi da ɗayar. Ko rigarsa ba wanda ya taɓa. Tela ta sunkuyar da kai cikin jaka wai tana neman wani abu, don hawaye sun riga sun cika mata ido kuma ba ta son dillali ya gani.

Ita ta tuƙa, Auta da dillalin suna baya. Motar ba nauyi, sitiyari kamar na wasa. Baba yana ta ba da umarni, ta ƙara wuta, ta taka birki, ta bi ta kan ramin can ya ji ƙafafun motar. Zuciyar Tela fari tas. A ranta har ta kai shi asibiti gobe ta dawo.

A danja ta biyu suka tsaya, sai ga tirela ta gangaro ta tsaya a gefen Baba. Tayarta ta cika tagarsa fam. Ba abin da yake gani sai baƙar roba da notuna masu tsatsa, kowane kamar dunƙulen hannu. Ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa har hularsa ta goce, bai hango komai ba sai gwiwar hannun direban a can sama. Duk da haka ya ɗaga hannun dama, irin gaisuwar da direbobi ke yi wa juna. Ba wanda ya gani. Danja ta saki, Tela ta ɗan yi jinkirin tashi, mai tirela kuma yana son ya karyo ta gabansu. Ya danna oda da ta girgiza gilashi, ya leƙo ya daka tsawa.

"Ke! Janye gwangwanin nan kafin in take shi!"

Hayaƙi ya turnuƙe su. Baba ya sauke hannunsa a kan cinya a hankali, kuma daga nan har suka koma bai sake cewa ta ƙara wuta ko ta rage ba.

Da kansa ya fito, da kansa ya koma kekensa. Sannan ya ce, "Ba ta yi ba."

"Baba, kai fa ka ce injin…"

"Injin lafiyarsa ƙalau. Na ce ba ta yi ba. A kai ni gida a tamu."

"Da kanka ka shiga fa. Ba wanda ya taɓa ka."

"Na shiga. Na kuma ga abin da ake gani a ciki." Gefen bakin da ya karkace yana jan kalmomin. "Wata biyar ina ƙasa, Uwata. A gado ina ƙasa, a keken nan ina ƙasa, jikokina ma tsakiyar hulata suke kallo. Wuri ɗaya ya rage mini da nake zama in ga kan motoci, direba ya dube ni in dube shi, ya ɗaga mini hannu. Shi za ki karɓe? Ki sa ni a ƙarƙashin taya, wanda na girmi ubansa ya kira ni gwangwani?"

Wannan kam ba ta san da shi ba, kuma ya soke ta. Ta tsuguna a gabansa, ta sassauta murya.

"To na ji. A bar Giwa. Gobe ƙarfe takwas za ka shiga mu tafi asibiti?"

Ya kau da kai.

"Baba, tambayarka nake yi."

"Ba wanda zai sake ɗaga ni kamar buhu."

"To wannan fa?"

"Ba na shiga."

Shekara arba'in da shida Tela ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba. Ta miƙe tsaye, kuma abin da ta yi wata biyar tana haɗiyewa ya fito gaba ɗaya, a tsakiyar motocin mutane.

"Wato babbar ba za a ɗaga ka ba, ƙaramar ba za ka shiga ba. To a me za ka je? A bayana? Wallahi da zan iya da tuni na goya ka! Baba, mako ɗaya ya tafi. Mai gashin ƙashi mako uku ko huɗu ya ce, daga nan ƙafar ta tafi ke nan har abada. Kan motoci kake son gani? Nan da wata guda ko tagar ɗakinka ba za ka kai ba! Ka ɗauka ba na jin ka a banɗaki kana sakin famfo don kar a ji kukanka? Ka ɗauka ni ba na son motar? Gumina ce! Shekara goma sha biyar ina taka keke kafin in riƙe makullinta. Kowa a gidan nan da abin da yake so a jikinta, wancan get, wannan dangi, kai taga. Ni ƙafarka nake so!"

"Yaya, mutane fa," in ji Auta a hankali.

"Su kalla!"

Baba ya dube ta da jajayen idanu. "Ni kike ɗaga wa murya?"

"Kai nake ɗaga wa, Baba. Allah ya yafe mini."

Ta juya ta nufi ofishin dillalin, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa. Ta san abin da za ta yi, ba ruɗewa ba ce. In Giwa ta bar hannunta yanzu, ba wata hanyar komawa gida sai ƙaramar. Tarko ne, kuma ubanta za ta ɗana wa. Dillalin ya biyo ta ya tsaya a bakin tebur bai zauna ba.

"Ki je gida ki huce tukuna. Motar ba gudu za ta yi ba."

"In na huce ba zan iya ba. Ba ni biro."

Ta sa hannu a duk inda ya nuna, ta zaro takardun Giwa daga jaka, ta cire makullin daga cikin na shago ta ajiye masa. Sai da farcenta ya karye wurin cirewa.

Auta ya kwaso abin da ke cikin motar ba tare da ya dubi kowa ba: bandir biyu na shuɗin yadi, lema, takalmin yaro ƙafa ɗaya, tsoffin takardun asibiti. Wani ma'aikacin wurin ya shiga ya tayar da ita, ya ja ta zuwa baya inda suke wanki. Baba ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Daga nan aka yi tsaye cirko-cirko. Rana ta take, tsakuwa ta ɗau zafi, ƙofar ƙaramar motar na buɗe. Minti goma, minti ashirin. Zufa na bin wuyan Baba tana jiƙa rigar. Dillalin ya kawo ruwan sanyi, Baba ko kallon robar bai yi ba. Tela tana tsaye a gefe, sau biyu ƙafarta na son ta koma ofis ta ce a fasa, sau biyu tana danne ta. Auta ya gaji ya sunkuya zai kama hamatarsa, Baba ya sauke masa sanda a bayan hannu, ƙwal, sai da ya yi tsalle yana yarfe yatsu.

Sannan ya kafa sandar a ƙasa ya miƙe. Ya ja jiki zuwa motar yana huci, ya zauna, ya shigar da ƙafafunsa. Ya miƙa hannu ya kama ƙofar, amma bai rufe ba. Bai dube ta ba, gilashin gaba yake kallo.

"Abin da kika yi mini yau," ya ce, "ban yafe ba."

Ya ja ƙofar, garam.

Maganar ta shige ta har ƙashi. Da mari ya yi mata a gaban mutanen nan da ta gode masa. Auta ya naɗe keken ya sa a but, ya shiga baya. Ita kuma ta zagaya ta zauna, ta sa makulli a raminsa. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ta san Baba ba ya faɗin abin da bai nufa ba, kuma ta san ko yanzu aka mayar da ita ofishin can sai ta sake sa hannu.

"Na ji, Baba," ta ce. "Gobe ƙarfe takwas ne. Ja bel ɗinka."

Ya jawo bel ɗin da hannu ɗaya, ya lalubi maƙalin ya kuskure, bel ɗin ya kuɓuce ya koma. Ya sake jawowa. Tela ta riƙe sitiyari da hannu biyu ƙam, hawaye na sauka a kan tef ɗin da ke wuyanta, ba ta taimaka masa ba. Sai da ta ji ƙas, sannan ta tayar da motar.